Sharhin Fim: 'Half of a Yellow Sun' da Teburin Sulhun da Kyamara ta Tsallake

Fim: Half of a Yellow Sun (2013)
Darakta: Biyi Bandele
Tushen labari: littafin Chimamanda Ngozi Adichie (2006)
'Yan wasa: Chiwetel Ejiofor, Thandiwe Newton, Anika Noni Rose, John Boyega, Onyeka Onwenu, Genevieve Nnaji, Joseph Mawle

Duk ma'abocin kallon finafinanmu na Hausa ya san yadda rigima take ƙarewa. Za a shafe kashi na ɗaya da na biyu ana tafka rikici, a yi saki, a shiga malamai, a kai ƙara, sai ya rage saura minti biyar fim ya ƙare, sai ga wani dattijo mai gemun auduga ya hakimce a kan kujera. Zai jawo aya da hadisi, ya ce a yafi juna. Nan take mai laifi zai fashe da kuka, a rungume juna, rubutu ya hau. Mun saba da wannan har mun ɗauka haka sulhu yake. Fim ɗin da za mu duba a wannan watan ba na Hausa ba ne, amma Kano tana cikinsa dumu-dumu, kuma a bayansa akwai labarin wani sulhu da shugabannin ƙasashen waje suka yi ta ƙullawa yana kwancewa, har yaƙi ya ci abin da ya ci.

Labarin a taƙaice

Sunan fim ɗin an samo shi ne daga tutar Biyafara, wadda ke ɗauke da hoton rabin rana mai ruwan ɗorawa. Labarin wasu tagwaye ne 'yan ƙabilar Ibo, 'ya'yan wani attajiri a Legas, Olanna (Thandiwe Newton) da Kainene (Anika Noni Rose), waɗanda suka dawo daga karatu a Ingila daidai lokacin samun 'yancin kai a 1960. Olanna ta bar daular gidansu ta bi masoyinta Odenigbo (Chiwetel Ejiofor), malamin jami'a a Nsukka mai zafin ra'ayi. Kainene kuwa ta tafi Fatakwal kula da harkokin mahaifinsu, ta kuma haɗu da wani Bature marubuci, Richard. Uwar Odenigbo (Onyeka Onwenu) ba ta ƙaunar Olanna, don haka ta kawo wata yarinya daga ƙauye ta cusa wa ɗanta, har aka samu ciki. Cikin fushi ita ma Olanna ta ci amanar 'yar'uwarta da Richard. Ana cikin wannan dambarwa sai juyin mulki ya zo, kashe-kashe suka biyo baya, yaƙi ya ɓarke, suka shiga gudun hijira daga gari zuwa gari. A ƙarshe Kainene ta tsallaka fagen daga don neman abin da za ta ciyar da 'yan gudun hijira, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Inda ya burge

A gaskiya an kashe wa fim ɗin kuɗi, kuma kuɗin ya fito a hoto. A Kalaba aka ɗauki akasarinsa. Motoci da suturu da gyaran gashi da kayan ɗaki duk na shekarun 1960 ne, abin da ya kamata masu shirya mana finafinan "zamanin da" su zauna su nazarta, su da za ka ga sarkin shekara ɗari da suka wuce da agogon batir a hannu. Marigayiya Onyeka Onwenu, wadda ta rasu a 2024, ta cinye rol ɗin uwar miji ƙwarai. Duk wanda ya san irin uwar mijin finafinanmu zai gane ta tun daga kallon farko da ta watsa wa Olanna. Fitowar da ta fi kowace tsayawa a rai ita ce ta ɗaurin auren Olanna da Odenigbo, inda ana tsakiyar biki jirgin yaƙi ya sako bam. Ba a yi dogon surutu ba, hoto ne ya yi magana.

Sai dai darakta ya ba wa kishi da cin amana kusan rabin fim, ta yadda yaƙin da ya zo daga baya ya zama kamar ana sauri a kai amarya kafin magariba. Ugwu, yaron gidan da a littafi ta idonsa muke ganin abubuwa da yawa, a nan an mayar da shi ɗan aike kawai, duk da ƙoƙarin John Boyega.

Kano a idon kyamara

Fitowar da ta fi shafar mu ita ce ta filin jirgin saman Kano, inda sojoji suka shigo suna tsame 'yan ƙabilar Ibo suna harbewa. Wasu 'yan kallo a nan Arewa sun ce sharri ne. Ba sharri ba ne, mai karatu. A ranar 1 ga Oktoba 1966 sojojin Bataliya ta Biyar da ke Kano sun yi bore, sun kashe mutane a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Dubban Ibo sun mutu a garuruwan Arewa a wannan shekarar, kuma babu wani uzuri da zai wanke wannan. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta riƙe fim ɗin tun daga Afrilu har zuwa Agustan 2014 kafin ta bari a nuna shi a sinimomin Nijeriya, sai ka ce hana kallo yana goge tarihi.

Ƙorafina a wani wuri yake. A littafin akwai Mohammed, ɗan babban gida a Kano, tsohon saurayin Olanna, wanda ya lulluɓe ta da mayafi ya ratsa da ita cikin tarzoma ya kai ta tasha. A fim kuwa, ɗan Arewan da zai zauna a zuciyar mai kallo shi ne mai bindiga. Haka kuma kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da sauran manyan hafsoshi a 15 ga Janairu 1966 ya wuce ne kamar labaran rediyo, ba a bar mai kallo ya ji nauyinsa a kan mutanen Arewa ba. Wanda bai ji zafin ɓangarori biyu ba, ba zai taɓa gane abin da ya sa sulhu ya gagara ba. A nan ne kuwa babban giɓin fim ɗin yake.

Wata tara da aka tsallake

Daga abin da ya faru a filin jirgin Kano zuwa harbin farko na yaƙi a 6 ga Yuli 1967, wata tara ne cur. Fim ɗin ya haɗiye su da 'yan tsofaffin hotunan labarai da taswira, ta yadda mai kallo zai ɗauka yaƙin kamar ruwan sama ne, hadari ya haɗu dole ya zuba. Alhali a cikin waɗannan watannin ne aka yi zaman da ya fi kowane zama kama da fim a tarihin ƙasar nan.

A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, shugaban mulkin sojan Gana, Janar Joseph Ankrah, ya tara hafsoshin Nijeriya a garin Aburi, saboda Ojukwu ya ce ransa ba zai tsira ba a ko'ina cikin Nijeriya in ba a Gabas ba. Ku dubi 'yan wasan da tarihi ya tara a ɗaki guda. Yakubu Gowon yana da shekara 32. Odumegwu Ojukwu yana da 33, an haife shi a Zungeru, yana jin Hausa, shi ne kwamandan Bataliya ta Biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairu, kuma aminin Sarkin Kano Ado Bayero ne, har ya naɗa shi uban Jami'ar Nsukka a 1966. Ga Hassan Usman Katsina, gwamnan Arewa, ɗan Sarkin Katsina, shi ma 33. Samari ne da suka san juna tun a bariki, kowa da gawar mutanensa a zuciya.

An ci an sha, an yi musabaha, an sa hannu. An amince ba za a yi amfani da ƙarfi ba. An amince manyan hukunce-hukuncen da suka shafi ƙasa sai da yardar gwamnonin yankuna. An amince a ci gaba da biyan ma'aikatan da suka gudu albashi zuwa ƙarshen Maris. In da fim ɗin Hausa ne, a nan rubutu zai hau.

To amma kowa ya koma gida da tasa fassarar. Ojukwu, wanda ya yi karatun tarihi a Oxford kuma ya je taron da shirinsa tsaf, ya fahimci cewa an amince kowane yanki ya ci gashin kansa, a bar wa tsakiya ɗan abin da ba a rasa ba. Gowon kuwa ya je ne da tunanin zaman 'yan'uwa sojoji don a huce. Da manyan sakatarorin gwamnati a Legas suka karanta abin da aka sa wa hannu, sai suka ce ai wannan raba ƙasa ne a fakaice. Ojukwu ya sa aka buga muryoyin taron a faifan garmaho aka baza. A watan Maris gwamnatin tarayya ta fito da Dokar Soja ta 8, wadda ta ba yankuna iko mai yawa amma ta riƙe wa tsakiya ikon kafa dokar ta-ɓaci a kowane yanki. Ojukwu ya ce ba haka aka yi ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya yanka ƙasar zuwa jihohi 12, kuma a ranar ce aka haifi Jihar Kano da muke ciki. Bayan kwana uku Ojukwu ya shelanta Biyafara.

Me ya sa masu shiga tsakani suka kasa?

Mu a nan ƙasar Dawakin Tofa gona tana jikin gona, babu dajin da ya raba su, saboda haka da wuya damina ta faɗi ba a ji rigimar iyaka ba. Duk wanda ya taɓa ganin dagaci yana raba irin wannan ya san ba a zaure ake gamawa ba. Sai ya tashi da dattawan da suka san iyayen masu gonar, a taka har wurin, a nuna kunyar da ake gardama a kanta, a dasa gamba ko a kafa dutse a gaban shaidu. Abu mafi muhimmanci, dagacin a garin yake kwana. In baɗi wani ya tura garmarsa ta ƙetare gambar, ya san wanda zai kira shi.

Ankrah ya ba da zaure, amma ba wanda ya taka zuwa gona. Ba a zauna da masana doka an fayyace ma'anar kowace kalma kafin a watse ba, kuma ba a bar wani a tsakani da zai ce wa wanda ya karkace ya dawo kan layi ba. Da gardamar fassara ta tashi, masu rigimar su ne alƙalan kansu.

Waɗanda suka biyo baya kuwa da tasu matsalar suka zo. A Satumbar 1967 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zauna a Kinshasa ta kafa kwamitin shugabanni shida ƙarƙashin Sarkin Habasha Haile Selassie, da Diori Hamani na Nijar, da Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da Tubman na Laberiya, da Mobutu na Kwango, da shi Ankrah. Amma tun a takardar kafa kwamitin an la'anci ɓallewa, an kuma jaddada cewa Nijeriya ɗaya ce. Dalili a fili yake: kusan kowanensu yana da tasa Biyafarar a gida. Mobutu bai manta da Katanga ba, Haile Selassie kuma yana fama da 'yan Eritiriya. Ko da matsayin nasu daidai ne, mai raba faɗan da ya faɗi hukuncinsa tun kafin ya zauna, ɓangare ɗaya ne kawai zai saurare shi da zuciya ɗaya.

Haka aka yi ta yawo. A Mayun 1968 sakataren Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, Arnold Smith, ya haɗa su a Kampala, Anthony Enahoro yana jagorantar tawagar tarayya, Sir Louis Mbanefo ta Biyafara. 'Yan kwanaki kafin a zauna Fatakwal ta faɗa hannun sojan tarayya, to wa zai sassauta alhali yana ganin nasara? Biyafara ta ce a tsagaita wuta tukuna, tarayya ta ce a janye ɓallewa tukuna, aka tashi baram-baram. A Yuli aka koma Yamai wurin Diori, inda Gowon da Ojukwu kowa ya je ya gana da kwamitin. A Agusta aka tafi Adis Ababa, a Afrilun 1969 aka je Monrobiya. Duk tsawon wannan lokaci Ingila da Tarayyar Sobiyet suna ba tarayya makamai, Faransa tana tura wa Biyafara nata ta bayan gida, ƙasashe biyar kuma, Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya da Haiti, sun amince da Biyafara, abin da ya ƙara wa Ojukwu fatan cewa in ya ƙara jurewa duniya za ta juyo. Hannun dama yana miƙa takardar sulhu, na hagu yana miƙa harsashi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A ƙarshe bindiga da yunwa ne suka rufe zancen. Ojukwu ya fice zuwa Kwaddebuwa, Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu 1970. Masu ƙiyasi suna cewa farar hular da suka mutu, akasari saboda yunwa, sun kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu. Waɗannan su ne mutanen da Kainene ta fita nema wa abinci. Da fim ɗin ya nuna mana ko da fitowa biyu na teburin Aburi, da ɓatan ta ya fi ciwo, domin mai kallo zai san an samu ƙofar fita aka bar ta ta rufe.

Ba kullum ake kasawa ba

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa shiga tsakanin ƙasashen waje aikin banza ne. Maƙwabtanmu na Nijar shaida ne. Bayan kashe-kashen Cintabaradan a 1990, Abzinawa sun ɗauki makamai. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani, aka sa hannu kan yarjejeniya a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama ta hutun haɗin kan ƙasa. Ba a tsaya a sa hannu ba. An ɗauki tsofaffin 'yan tawaye aikin soja da na gwamnati, madugunsu Rhissa Ag Boula ya zama minista, aka ƙona makamai a bainar jama'a a Agadas a shekarar 2000. Wutar ta sake tashi a 2007, Gaddafi ya shiga aka kashe ta a 2009, daga baya ma Ba'abzine, Brigi Rafini, ya riƙe muƙamin firayim minista daga 2011 zuwa 2021. An yi tuntuɓe, amma ƙasar ba ta rabe ba, domin bayan baƙi sun tafi 'yan gida sun ci gaba da biyan bashin alkawari.

A Mali kuwa, ita dai wannan Aljeriyar ce ta jagoranci yarjejeniyar 2015 da 'yan tawayen Arewa. Aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, har gwamnatin soja ta soke ta a Janairun 2024. Mai shiga tsakani ɗaya, rigima kusan iri ɗaya, sakamako daban. Wanda ya kalli Hotel Rwanda (2004) ma ya ga ƙarshen irin wannan: an sa hannu a Arusha a Agustan 1993, aka kawo sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, amma da kisan ƙare-dangi ya fara a Afrilun 1994 sai aka janye akasarinsu. Baƙo yana iya shimfiɗa tabarma ya zaunar da masu faɗa. Sulhun da zai kai baɗi kuwa sai an yarda da ma'anar abin da aka faɗa, an samu mai tsaron alkawari, kuma masu sayar da makamai sun ɗaga ƙafa.

Saƙo ga 'yan fim ɗinmu

Wani zai ce me ya kawo tone-tone bayan shekara hamsin da ɗoriya? Amsa ita ce maganar ba ta mutu ba. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun tsaya a Kaduna sun ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, martani ga masu fafutukar Biyafara, kafin manya su sa baki a janye. Yawancin masu tafa wa wannan magana a ɓangarorin biyu ba su san Aburi ba, ba su kuma san abin da ya biyo bayanta ba. Alhali ka shiga kasuwar Dawanau ka ga yadda Bahaushe da Ibo suke cinikin wake da riɗi, wani lokaci bashi a kan amana ba takarda. Wannan zaman ba a Kampala aka ƙulla shi ba, kuma shi ne abin da za a fara asara in an sake kuskure.

Adabinmu bai yi wa wannan babi adalci ba. Mawaƙanmu sun yi waƙoƙin zuga soja a lokacin yaƙin, Bature Gagare kuma ya taɓo ɓarnar da ta biyo bayansa a Ƙarshen Alewa Ƙasa (1982). Amma ina labarin maƙwabcin da ya ɓoye Ibo a rumbunsa? Ina na 'yan Arewan da aka kashe a Gabas a ramuwar gayya? Ina na sojan da ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano bai san inda Inugu take ba? Muna fushi wasu sun nuna mu da bindiga, mu kuma mun ƙi ɗaukar kyamara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Furodusan da ke kukan rashin kuɗi ya sani cewa fim ɗin Aburi ba ya bukatar jirgin yaƙi ko tankar soja. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da 'yan wasa kamar goma, da marubucin da zai zauna ya yi bincike, tunda abin da aka faɗa a taron yana nan a rubuce. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kawo mana dattijo mai gemun auduga a minti biyar na ƙarshe.

Hukunci

Biyi Bandele, wanda ya rasu a 2022, ya yi jarumtar taɓa abin da mutane da yawa ke tsoro, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko. A matsayin labarin soyayya da kishi a lokacin yaƙi, fim ɗin ya cancanci kallo, musamman don wasan Onyeka Onwenu da Anika Noni Rose. A matsayin tarihi kuwa, rabi ya bayar, kamar ranar da ke jikin sunansa. Akwai fitowar da ba ta dace da yara ba, don haka iyaye a kula. Wanda ya samu littafin ya karanta shi tukuna, sannan ya nemi dattijon da ya ga shekarar 1966 da idonsa ya yi masa tambaya tun yana raye.